Bikin Kwana Bakwai a Kan Teku

A shekarar 2014 kamfanin Carnival na birnin Miami a Amurka ya fito da wani shiri da ya sa wa suna Carnival LIVE. Ya ɗauko mawaƙa da ƙungiyoyin kiɗa 15, ya tsara musu wasanni 49 a cikin jiragensa na yawon shaƙatawa. Akwai Jennifer Hudson, da Olivia Newton-John, da LeAnn Rimes, da tsofaffin ƙungiyoyi irin su Chicago da Styx da Foreigner. Mawaƙin ba ya bin jirgin. Sai jirgi ya yada zango a Nassau ta ƙasar Bahamas, ko Cozumel ta Meziko, ko tsibirin Catalina da ke gaɓar Kalifoniya, shi kuma ya iso ta sama, ya shiga jirgin, ya yi wasansa a babban zaure, ya fita ya kama gabansa kafin a tashi. A lokacin tikitin shiga daga dala 20 zuwa 40 ne. Mai son zama a sahun gaba, ya gaisa da mawaƙi har a ɗauke su hoto, sai ya ajiye dala 100 zuwa 150.

Waɗannan jirage ba na kai mutum wani gari ba ne, yawanci inda aka ɗauko ka nan za a mayar da kai. Otal ne mai hawa goma sha wani abu yana tafiya a kan ruwa, da ɗakunan kwana, da gidajen abinci, da wuraren ninkaya, da shaguna, da asibiti. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar mutane a watan Janairun 2024, yana iya cin fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,300. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a, CLIA, ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2023, kuma tsawon tafiyar, idan aka daidaita, kwana bakwai ne. Abin da ya fi jan mutane shi ne kuɗi ɗaya kake biya, a ciki akwai makwanci, akwai abinci safe da rana da dare, akwai kallon wasannin da ake yi kowace yamma. Ka riga ka biya tun kana gida, in ka shiga zaure babu mai tambayarka kwabo.

To, kwana bakwai, jama'a maƙil, an haɗa tsoho da yaro wuri guda, kowa sai an ba shi wurin kwana an ciyar da shi, sannan a nemo masa abin ɗebe kewa: wannan ai gidan biki ne. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ko ƙanwa ya san nauyin da ke kan mai jirgin nan. 'Yan uwa sun sauka tun ranar sa lalle, wasu da goyo, wasu da sanda. An cika ɗakuna, an aro na maƙwabta. Tukwane ba sa sauka daga murhu. Ga kamu, ga yini, ga ɗaurin aure, ga walima, ga kai amarya, ga buɗar kai. Masu kiɗan ƙwarya na tsakar gida, yaron da ke sa waƙa a na'ura yana ƙofar gida, kowa yana samun abin da ya dace da shekarunsa. A cikin wannan mako sai a ware dare ɗaya a ce ranar dina ce, an kama zauren taro, kuma za a kawo babban mawaƙi, wanda sunansa kaɗai ya isa a yi ta zancen bikin.

Daga nan matsala ke farawa, kuma tana farawa ne da lissafin kujeru. Zauren da aka kama na mutum ɗari uku ne, waɗanda ke cikin gida da maƙwabta sun haura dubu. Dole a buga kati, a tsayar da ƙarti a bakin ƙofa. Washegari da safe gwaggon amarya, wadda ta baro ƙauye da buhun gero na gudummawa, za ta tare yayar amarya a bakin madafi.

"Ke 'yar nan, jiya na ga ana ta fita da gayu. Mu ba a kai mu ba?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, katin ne ya yi kaɗan. Kuma wallahi wurin ba zai yi miki daɗi ba, ƙara ce kawai."

"To ai shi ke nan. Allah ya ba su zaman lafiya."

Wannan "shi ke nan" ɗin za a daɗe ana jin amonsa a dangi. Gwaggo ba ta san mawaƙin ba, da an kai ta ma da wuya ta yi rabin sa'a ba ta nemi a mayar da ita gida ba. Abin da ya taɓa mata rai shi ne, a bikin da ta ɗauka nata ne, an sami ƙofar da aka ce ba ta shiga.

Jirgi ma haka lissafinsa yake. Oasis of the Seas, da ya fito a 2009, a lokacin yana ɗaukar fasinja 5,400 idan kowane ɗaki mutum biyu ne, amma babban zaurensa bai kai kujera 1,400 ba. Ke nan duk lokacin da aka cika zauren, mutum uku cikin huɗu suna waje. Wasannin gida ba su da wannan damuwa, domin 'yan wasan ma'aikatan jirgi ne, a nan suke kwana. Za su yi yau, su sake gobe, wani lokaci sau biyu a dare ɗaya, har kowa ya samu. Shi ya sa Royal Caribbean ya iya ɗauko wasannin dandamali na Broadway, ya sa Hairspray a Oasis, ya sa Grease a Harmony of the Seas, kuma fasinja ba ya ƙara ko sisi. Babban mawaƙi kuwa sa'a ɗaya da 'yan mintuna gare shi, jirgin samansa na jira. Ko dai a sayar da kujerun, wanda ya riga ya saya ya shiga, ko a yi kyauta mutane su kafa layi tun la'asar su yi ta turereniya. Carnival ya zaɓi sayarwa, kuma ta fuskar tsari ya yi daidai. Sai dai ranar da aka sa mai karɓar tikiti a ƙofar zauren da jiya aka shiga kyauta, an taɓa alkawarin da aka gina sana'ar a kansa. Kuma waɗanda ba su saya ba sun yi asarar babban zaure na wannan daren, sai su nemi wani lungu.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi ba ni dariya. A ce zaure mai kujera 1,400 ya cika, kowa ya biya dala 40. An tara dala 56,000 ke nan. A ƙara na 'yan sahun gaba, a yi musu kara a ce an ninka. Yanzu a dubi mawaƙiyar da tauraronta ke tsakiyar sama. Taylor Swift ta yi wasanni 149 tsakanin Maris ɗin 2023 da Disamban 2024, aka sayar da tikitin sama da dala biliyan biyu, wato dare ɗaya ya haura dala miliyan 13. Mai cika filin ƙwallo sau uku a jere a gari ɗaya, me zai kai ta zauren jirgi? Don haka wanda ke tashe a yau ba ya zuwa, in ma ya zo to ba tikitin fasinja ne ya biya shi ba, daga asusun talla aka ciro kuɗin. Mai biki ya san wannan sarai. Liƙin da aka yi a wurin dina, duk da an rufe ƙasa da sababbin kuɗi, jakar mawaƙi da yaransa yake shiga. Kuɗin da aka ba shi tun farko don ya yarda ya zo, daga aljihun uban amarya ya fito, kuma sau da yawa a jikin cefane aka yanke shi. Shi ya sa ake ganin bikin da mawaƙinsa ya amsa suna amma naman miya sai an sa ido.

Kamfanin jirgi ba daga kuɗin ɗaki kaɗai yake ci ba. Uwar kamfanin Carnival ta sami kuɗin shiga dala biliyan 25 a 2024, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku daga abin da fasinja suka kashe bayan sun shiga ne: abin sha, gidan caca, intanet, shaguna, gidajen abinci na musamman, da yawon da ake kai mutane idan an tsaya a tasha. Magidancin da ya taho da matarsa da 'ya'ya biyu ya riga ya ƙiyasta abin da zai ɓatar a mako. In ya fitar da dala 160 don tikiti huɗu, ba sabon kuɗi ya ƙirƙiro ba, wani abu ya fasa saya a cikin jirgin. An ɗauke daga aljihun dama an sa a na hagu, sannan an ɗebi kaso mai tsoka an miƙa wa baƙon da zai tafi yau.

Akwai kuma tambayar waye ma a cikin jirgin. Alƙaluman CLIA sun nuna matsakaicin shekarun fasinja yana wajen 46, amma wannan lamba tana ɓoye kaka da jika. Tafiyar teku ta zama hanyar da iyali ke haɗuwa, kakanni su biya, 'ya'ya da jikoki su biyo. Abinci yana haɗa su a tebur ɗaya, teku ma kowa yana kallonta. Waƙa kuwa, babu abin da ke raba mutane gida-gida bisa shekarar haihuwa kamarta. Wanda 'yar shekara 16 za ta suma in ta gani, babanta bai taɓa jin sunansa ba. Wanda uban zai tashi tsaye ya bi baiti-baiti, ita a wurinta waƙar tsofaffi ce. A dina ma haka ne, mawaƙin ƙawayen amarya daban, na iyayenta mata daban, malaman da suka ɗaura aure kuma tun da suka shafa fatiha suka sulale.

A nan dole a yaba wa waɗanda suka tsara jerin Carnival na farko, domin sun san gidansu. Chicago tun 1967 aka kafa ta, Styx da Foreigner 'yan shekarun 1970 ne. Waƙoƙinsu sun daɗe a rediyo har sun zama na kowa, wanda bai san sunan ƙungiyar ba ya san amshin. Sannan suka cika jerin da mawaƙan kiɗan karkarar Amurka, irin su Martina McBride da Trace Adkins, daga baya Tim McGraw da Carrie Underwood, saboda jiragen kamfanin da yawa daga tashoshin kudu suke tashi, Galveston da New Orleans da Tampa, inda mutane ke tuƙo mota su zo su hau kuma wannan kiɗan shi ne nasu. Ba su bi wanda ke saman jadawalin mako ba, sun bi kunnen mai biyan kuɗin ɗaki. Kuma ga wanda ya dace da gwaninsa, abin ba ƙaramar garaɓasa ba ne. Mawaƙin da in a tudu ne sai ka hango shi kamar ƙwaro daga ƙarshen fili, ga shi nan gabanka kana ganin zufar goshinsa, a kan dala 30, kuma in an tashi ba neman mota ba cunkoso, ɗakinka yana hawa biyu a sama. Ban raina wannan ba. Sai dai dace ne. Mutum ya sayi tafiyarsa wata takwas da suka wuce saboda lokacin hutun yara da farashi, ba don mawaƙi ba. Wasanni 49 kuma, a kamfanin da ke da jirage sama da 20 suna zirga-zirga duk mako, ɗigo ne. Mafi yawan fasinjojin wannan shekarar sun je sun dawo ba su ga kowa ba.

Daga baya kamfanin ya shigo da masu barkwanci cikin shirin, irin su Jay Leno da Jeff Foxworthy da Chris Tucker. Wannan ma akwai hikima. Mai barkwanci shi da makirufo ne, ba ganguna, ba akwatunan kayan sauti da za a yi ta jidowa ta ƙofar jirgi, ba tawagar mutum ashirin. Catalina ma ba ta da inda babban jirgi zai jingina, a nesa yake tsayawa, ƙananan jirage su riƙa jigila. In iska ta taso aka fasa tsayawa, an fasa wasa. A tekun Karibiyan kuwa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne, kuma kyaftin yana da ikon ya sauya hanya ba tare da neman iznin kowa ba. Jirgi ya nufi wata tasha, mawaƙi yana zaune a Nassau da kayansa, gobe kuma yana da wasa a wani gari.

To in kuɗin tikiti bai biya ba, kuma mafi yawan fasinja ba su gani ba, me ya sa ake yi? Saboda abin da ya sa ake yin dina. Dina ba don mutanen cikin gida ake yin ta ba, don waɗanda ba su zo ba ake yi. Bidiyon minti ɗaya ne zai fita, amarya na taku, mawaƙi na kiran sunanta da na mahaifinta, kuɗi na zuba, ya yi ta yawo a wayoyi har garuruwan da ba a san iyalin ba. Babu mai ɗaukar bidiyon matan da suka kwana suna tuƙin tuwo. A watan Fabrairun 2013 gobara ta tashi a ɗakin injin Carnival Triumph a tekun Meziko, wuta ta ɗauke, bandakuna suka daina aiki, mutum sama da 4,000 suka yi kwanaki a haka kafin a jawo jirgin zuwa Mobile ta jihar Alabama, gidajen talabijin suna nunawa kai tsaye. Kamfanin da sunansa ya shekara yana yawo tare da wannan labari yana bukatar wani labarin da za a haɗa sunan da shi. Jerin mawaƙa 15 ya ba 'yan jarida abin rubutawa, ya ba dillalan tafiye-tafiye abin faɗa wa mai saye. Ta wannan fuska kuɗin bai tafi a banza ba.

Kamfanin Norwegian ya fi kowa gane cewa in don a gani ne, to a yi a ranar da idon duniya ke kai. Al'adar masu jirage ce in an ƙera sabo a yi bikin raɗa masa suna, a zaɓi wani fitacce ya zama uwa ko uban jirgi, a fasa kwalba a jikinsa. A 2015 suka ba mawaƙi Pitbull wannan matsayi a Norwegian Escape, a 2019 Kelly Clarkson a Norwegian Encore, a watan Agustan 2022 kuma Katy Perry ta raɗa wa Norwegian Prima suna a Reykjavik ta ƙasar Aisland, ta yi wasa. Masu zama a irin wannan taro galibi gayyato su ake yi: dillalai, 'yan jarida, manyan kamfani. Babu fasinjan da ya biya kuɗin mako sannan aka tsare shi a ƙofa. Dare ɗaya, hoto ya zaga duniya, an wuce wurin. Ni a ganina nan ne gurbin babban mawaƙi na gaskiya a wannan sana'a. Royal Caribbean ma da zai ƙaddamar da Icon of the Seas ko mawaƙi bai nema ba, Lionel Messi ya ɗauko, wanda ya koma buga ƙwallo a Miami. Ashe abin da ake saye fuskar da kowa ya sani ce, ko tana waƙa ko ba ta yi.

Amma talla tana da ƙaiƙayi. Budurwar da ta ga Katy Perry a kan dandamalin jirgi ta matsa wa iyayenta aka sayi tafiya, za ta shiga ta tarar da wasu samari huɗu suna maimaita waƙoƙin mutane a bakin wurin ninkaya. Abin da aka nuna mata ba ya cikin abin da aka sayar mata. Tallar da ta fi kowace yi wa wannan sana'a aiki ba ta da wannan aibi. Shirin talabijin na The Love Boat, wanda aka nuna a Amurka daga 1977 zuwa 1986, a jiragen kamfanin Princess aka gina shi, kuma abin da ya nuna wa mutane mako-mako shi ne jirgin kansa: bene, teku, teburin kyaftin, ma'aikata masu fara'a. Wanda ya kalla ya saya, in ya je zai tarar da su.

Akwai inda mawaƙi da jirgi suka dace kamar an auna, kuma shi ma gidan biki ya san shi. Ƙawayen amarya sukan ware rana tasu, su haɗa kuɗinsu, su kama wurinsu, su kira wanda suke so. Babu gwaggon da ke jiran kati, domin kowa ya san ba taronta ba ne. A teku sunan wannan shata. Wani kamfani a Atlanta mai suna Sixthman ya fara tun 2001 da tafiyar da ake kira The Rock Boat: a ɗauki shatar jirgi sukutum, a sayar da ɗakunan ga masoyan mawaƙan kaɗai. Ƙungiyar New Kids on the Block ta fara tata tafiyar a 2009, KISS ta fara a 2011. A nan mawaƙan suna cikin jirgin daga tashi har dawowa, suna wasa fiye da sau ɗaya, a zaure da kuma a sararin bene, kuɗin kallo yana cikin kuɗin ɗaki, kuma duk wanda ka ci karo da shi a layin abinci abin da ya kawo ka shi ya kawo shi. Ɗaki ya fi tsada, mutane kuma suna biya da murna, wasu duk shekara. Norwegian ya ga haka ya saye Sixthman a 2012. Riba biyu ya samu: jirgi ya cika a makon da aka ba da shata, sannan dubban mutanen da ba su taɓa tunanin hawa teku ba sun hau saboda gwaninsu, wasu za su dawo da iyali. Kamfanin Virgin Voyages, wanda ba ya ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba, ya rage wa kansa rabin matsalar tun daga ƙofa, shi ya sa haɗin da ya yi da Jennifer Lopez a 2022 bai yi bambaraƙwai ba.

Ga jirgin kowa da kowa kuwa, sunan da ya fi amfani shi ne wanda zai kwana a ciki ko mai shi ba ya nan. Carnival ɗin nan dai, tun 2011 ya haɗa kai da mai dafa abincin talabijin Guy Fieri, aka buɗe wurin gasa nama da burodi da sunansa a bakin wurin ninkaya, kyauta, kullum, kuma aka bi jirage ana buɗewa. Fieri yana gidansa, sunansa yana ciyar da mutane a jirage da yawa lokaci guda. Kamfanin Holland America ya buɗe zauren kiɗa da sunan mawaƙi B.B. King a 2013, da makaɗa na gaske masu yi kusan kowane dare, B.B. King ya rasu a 2015, zauren ya ci gaba da cika shekaru bayansa. P&O na Ingila ya ba Gary Barlow na ƙungiyar Take That jagorancin kiɗa a wani ƙaramin zaure mai suna 710 Club a jirgin Iona, shi ya tsara salon, makaɗan gida suka riƙa yi. Duk waɗannan sun ɗauki ƙyallin babban suna sun shafa wa abin da fasinja zai samu ranar Talata da rana, ba sai ya yi sa'a ba.

Makaɗan gidan nan ma bai kamata a riƙa yi musu kallon cikon benci ba. Jennifer Hudson da aka sayi tikiti don a gani a 2014, a 2003 ma'aikaciya ce a jirgin Disney Wonder, tana waƙa a wasannin dare kamar kowa, fasinja na kallonta kyauta. Shekara ɗaya bayan nan ta shiga gasar American Idol, a 2007 ta karɓi kyautar Oscar, a 2011 Disney ya kira ta ta zama uwar sabon jirginsa Disney Dream. Muryar dai ita ce. Kuɗin da za a ba baƙo na dare ɗaya zai riƙe irin waɗannan da dama na tsawon watanni, a ƙara musu albashi, a gyara kayan sauti, a daina sa mutum uku suna bin kiɗan na'ura ana ce musu ƙungiya. In aka tambayi gwaggo bayan shekara yaya bikin nan ya kasance, za ta faɗi inda aka sauke ta, da ko an kawo mata ruwan wanka da zafinsa, da yadda masu ƙwarya suka kai dare har ita ma ta taka. Fasinja ma in ya dawo, yaron da ke gyara masa ɗaki ya riƙe sunansa, da mai jita da ke zama a lungun hawa na biyar, su yake ba da labari, kuma su ne ke sa ya sake saye.

A watan Oktoban 2024 Taylor Swift ta yi wasa dare uku a Miami, daga 18 zuwa 20 ga wata. Ranar 21 jirgin Allure of the Seas ya tashi daga tashar garin zuwa Bahamas, tafiyar kwana huɗu, ɗauke da ayarin masoyanta da wasu dillalan tafiye-tafiye suka tara. Tun wajen sayar da ɗakunan an gaya musu ba ta da hannu a ciki kuma ba za ta zo ba. Suka saya. Suka yi ta musayar awarwaron duwatsu irin wanda masoyanta suka saba, suka yi gasar rera waƙoƙinta da ta sanin tarihinta, kowane dare da irin shigar da aka yanke za a yi, kamar anko. Royal Caribbean ya sayar da ɗakuna da abin sha, bai biya mawaƙiya ko dala ɗaya ba, sauran fasinjojin kuma babu wanda aka hana shiga babban zaure.